Rasuwar Dogo, Bencin Takalma na Gidan Dakta Ubaidullah

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yanzu ba su huta da hayaniya ba, Iliya, autan gidan Dakta Ubaidullah da ke Balsall Heath a Birmingham, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Dogo, bencin takalman da ke bakin ƙofar gidan. Ya rasu ranar Juma'ar da ta gabata, ana shirin tafiya masallaci, bayan doguwar jinya.

A daidai lokacin da ake rubuta wannan sanarwa, gawar na jingine da bango. Umma da Safara'u, yayar Iliya, suna tsaye a kanta, kowacce na neman wadda za ta ɗora wa alhakin kisan.

"Ruwanki ne, Umma. Kullum sai kin kwarara bokiti guda a corridor kamar tsakar gidan Kano. Nan fa ba siminti ba ne."

"To sannu, likita. In bar gidana da ƙazanta saboda benci? Ke da kike jibga masa jaka da rigar ruwa a jiƙe, ke ce mai tausayinsa?"

"Ni dai tun last year na ce a sayi sabo."

"Kin ce. Ai bakinki ba ya zuwa hutu."

Iliya na zaune a matattakala yana jin su. Ya san ba ruwa ne ya kashe Dogo ba, ba kuma jaka ba. Za a zo kan wannan. A fara ba mamaci haƙƙinsa tukuna.

Dogo ba ɗan manyan gida ba ne. Asalinsa pallet ne, katakan nan da ake jibga kaya a kansu, da aka yar a bayan wani kantin kayan miya a Ladypool Road. Yaya Nuruddeen, babban ɗan gidan, shi ya jawo su a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, a wata bazara, sa'ad da yake karatun haɗa magunguna a jami'a a Edgbaston. A ɗan filin bayan gida aka haife shi, ƙarƙashin igiyar shanya. Nuruddeen na yanka da zarto, Iliya na zare tsofaffin ƙusoshi da bakin guduma yana gugar katako da samfefa har yatsunsa suka yi fari. Umma na leƙowa ta tagar kicin tana cewa kada garin katako ya taɓa mata zannuwa.

Wanda bai san gidan kafin zuwan Dogo ba, ba zai san abin da aka rasa ba. Ɗan lungun da ke tsakanin ƙofa da falo, mutanen gidan soro suke ce masa, don kara kawai. Mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya juya gefe. Takalma kuwa tsibi guda suke, na gida da na baƙi, silifas ɗin alwala a kan na ofis. Ranar Salla akwai baƙon da ya koma Coventry da ƙafar hagu biyu. Abba kuwa, wato Dakta Ubaidullah, kullum da safe a ƙafa ɗaya yake tsayawa kamar zalɓe yana ɗaura igiyar takalmi, hannunsa dafe da bango, har wurin ya yi shatin tafinsa.

Wannan tsayuwar ce ta dami Nuruddeen. Kafin ya yanka ko sili ɗaya, sai da ya shiga falo da tef ɗin awo, ya durƙusa gaban Abba, ya auna daga dunduniya zuwa gwiwa. Abba na karatu, bai ma sauke takardar ba.

"Malam, lafiya? Likkafani za ka yanka mini?"

"Kujerar mulki, Abba."

Saboda haka tsayin Dogo tsayin ƙwaurin Abba ne, ba ƙari ba ragi. Babu kantin da ke sayar da irinsa.

An yi masa ɗakuna biyar a ƙasa, kowa da nasa. Na Abba yana can ciki kusa da hita, don takalmansa su kwana da ɗumi. Sai na Umma, sai na Safara'u, sai na Iliya. Nuruddeen ya ɗauki na bakin ƙofa, inda sanyi ke kurɗowa ta ƙasa, ya ce babba juji ne. A wannan gefen ne katako ya ƙare. Ƙafar ƙarshe da guntaye biyu aka haɗa ta, da gam da sukurori. Nuruddeen ya buga ta da tafin hannu ya ce nan wurin ajiye jaka ne, ba wurin zama ba, in ya samu katako mai kyau zai canza ta. Kowa ya ji. Abba ma ya ji.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki alhazan da kujerun falo ke tsoro. Ya ɗauki ɗaliban da suka zo daga gida da tallafin karatu, su zauna a kansa suna rawar sanyi, suna tambaya ko haka garin yake har abada. Ya ɗauki buhun shinkafa, da jiƙaƙƙiyar lema, da matan da suka yi sallama tun La'asar amma Magariba ta same su a kansa da takalmi ɗaya a ƙafa. Bai taɓa rama wa kowa ba, ban da wata ƙusa da ta taɓa kama leshin wata baƙuwa, kuma wannan baƙuwar, a gaskiya, ta cancanta.

Ba mai yawan magana ba ne, amma kowa da gaisuwar da yake masa. In Umma ce, sai ya ce ƙiiƙ, a hankali, kamar mai jin kunya. In Safara'u ce, gwaf, don ita faɗowa take yi, ba zama ba. In Abba ne, sai ya ja dogon numfashi, mmm, sannan ƙik. Daga ɗakin sama Iliya kan san wanda ya shigo ba tare da ya leƙo ba. Nuruddeen kaɗai ba shi da gaisuwa. Shi a tsaye yake sa takalmi, wai kafinta ba ya zama a kan aikinsa.

Ciwon ajali ya samo asali ne a soron nan, a gaban marigayin. Wata safiya Abba na zaune a kansa da takalmi ɗaya a hannu, Nuruddeen ya tsaya a bakin matattakala ya ce ya bar jami'a. Ya ce ya samu wani mai aikin katako a Manchester da zai koya masa sana'ar sosai, ya ma samu ɗaki a Withington.

Abba ya ajiye takalmin. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi maganar.

"Na bar ƙasata, na sha sanyin garin nan, na yi digiri uku. Ba don in haifi kafinta ba."

"Abba, a kan aikin kafinta kake zaune."

Da za a iya mayar da magana cikin baki, da Iliya ya bi wannan da gudu ya kamo ta. Abba ya miƙe. Dogo ya ce ƙik.

"Kwashe takalmanka daga gidana."

Ya kwashe, a baƙar ledar shara. Ya bar hagu ɗaya da dama ɗaya kawai: wasu masu ruwan ƙasa, na fata, waɗanda Abba ya saya masa ranar da zai fara jami'a. Ko mantuwa ce ko saƙo, Allah masani. Suna nan a ɗaki na biyar. Ba wanda ya taɓa cewa a ɗauke su, ba kuma wanda ya taɓa cewa a bar su.

Baƙo ba zai gane an yi wani abu a gidan ba. Umma dama ba ta kama sunan Nuruddeen, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wannan yaron". Abba ma bai taɓa kama shi ba, Malam yake ce masa. To Malam ɗin ma sai ya ɓace daga bakinsa. Shirun fushi ya shige cikin shirun kunya ya ɓuya, har masu zuwa gaisuwa na yaba wa gidan da riƙon al'ada. Umma na kiran Manchester daga kicin, famfo a buɗe. Safara'u ta je sau ɗaya ta dawo ta ce yana lafiya, ya bar gemu, hannunsa duk kanta. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, ta kuma.

Da farko Abba ya ƙaurace wa Dogo. Ya koma tsayuwar zalɓe. Gwiwa ce ta sasanta su, don ita ba ta san fushi ba. Amma da ya dawo, bai koma wurinsa na kusa da hita ba. Gefen ƙofa ya koma, saman ɗaki na biyar, kan ƙafar da aka haɗa da guntaye. Umma ta ce masa sanyi na shigowa ta nan. Ya ce hitar ce ke ƙona masa baya.

Iliya ya yarda da maganar hita, har wata Juma'a. Tun da ya gama makaranta yake aiki a wani ɗakin ajiyar kaya, ranar kuwa ba shi da shift. Ya fito daga ɗaki zai sauko, ya ji Dogo na wani sabon kuka, ƙik, ƙik, ƙik, a jere kamar agogo. Ya leƙa ta saman matattakala. Abba ne, cikin babbar rigarsa ta masallaci. Ya gama goge nasa takalman ya ajiye. A cinyarsa akwai masu ruwan ƙasan nan, yana bin su da buroshi da man takalmi, har cikin ɗinkin. Da ya gama ya hura musu iska, ya mayar da su ɗakinsu, ya daidaita bakinsu ya fuskanci waje.

Iliya ya koma da baya. Bai sauko ba sai da ya ji an rufe ƙofa.

Duk Juma'a haka ake yi. Umma na zaton Safara'u ce ke share musu ƙura, Safara'u na zaton Umma ce. Dogo kaɗai ya sani, sai Iliya. Dogo kuwa ya riƙe amana, ya ɗauki nauyin dattijo a kan ƙafar da aka yi don jaka, bai faɗa wa kowa ba. Wannan ne ciwon. Ba ruwan Umma ba ne. Umma ta ci gaba da wanke soronta.

Iyalan marigayin na son jama'a su shaida cewa an yi jinya. Da ƙafar ta fara karkata, Iliya ya kalli bidiyo a intanet har idonsa ya yi ja. Ya ɗura gam a tsagar, ya ɗaure ta da igiyar shanya ta kwana. Ta riƙe na ɗan lokaci. Ya sayo ƙarfen kusurwa ya ɗaura da sukurori, katakon ya tsage a wani sabon wuri, don tsohon pallet ba ya son a yi ta huda shi. Da dabara ta ƙare, ya hau sama ya kwaso littattafan haɗa magunguna da Nuruddeen ya bari, masu kauri kamar bulo, ya jera su ƙarƙashin gefen. Karo na farko ke nan da suka yi wa wani majinyaci amfani.

Kwana biyu suka yi a wurin. Abba ya gan su, ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya goge bangonsu da hannun riga, ya mayar da su sama. Bai yi faɗa ba. "Ba a taka ilimi," kawai ya ce.

An kuma nemi shawarar ƙwararre. Iliya ya ɗauki hoton ƙafar ya tura Manchester. Amsa ta zo nan take, da murya, ana jin ƙarar inji a bayanta.

"Auta, wannan ba matsalar gam ba ce, nauyi ne. Someone's sitting on it. Wa ke zama a gefen nan? Na faɗa muku ba wurin zama ba ne. Wa ke zama a can?"

Iliya ya rubuta amsa ya goge. Ya sake rubutawa ya goge. Ba sirrinsa ba ne. Ya tura hoton babban yatsa, ya kife wayar. Tambayar na nan a wayarsa tun lokacin sanyi ba a amsa ba. Wanda ya yi ta, idan ya karanto har nan, ya samu amsarsa.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, Iliya na sama yana jin ƙik, ƙik, ƙik ɗin da ya saba. Sai ya ji mmm mai tsawo, wanda bai ƙare da ƙik ba. Ƙaras. Wannan ce kalmar Dogo ta ƙarshe.

Iliya ne ya fara isowa. Ya tarar da Abba a ƙasa, kafaɗarsa jingine da ƙofa, hularsa ta faɗi, buroshi ya yi gefe. Takalman na rungume a ƙirjinsa, ko ƙasa ba su taɓa ba. Ana jin Umma na tahowa daga kicin tana salati. Abba bai kalli Iliya ba. Ya miƙa masa su.

"Riƙe."

Iliya ya tura su cikin rigar sanyinsa, sannan ya ɗaga mahaifinsa. Abba bai ji ciwo ba sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Ya karkaɗe riga, ya sa hula, ya dubi Dogo da ya durƙusa a gefe ɗaya kamar raƙumin da aka sauke wa kaya. Ya tsaya a ƙafa ɗaya ya sa takalminsa, hannunsa a kan tsohon shatin nan na bango. Ya tafi masallaci. Tun ranar ba su yi maganar ba.

Iliya ya san abin da ya yi da ya rubuta wannan. Abba ba ya karanta dogon saƙo a waya, in ya wuce layi uku sai ya ce a taƙaita masa. Amma akwai masu kai rahoto. In an kai, an kai. Takalman Iliya ba su da yawa, leda ɗaya ta ishe su.

Marigayin ya rasu ya bar ƙugiyoyin rataye riguna guda shida, 'yan'uwansa na jini, don daga pallet ɗaya suka fito, suna nan a bango suna kallon wurin da babu kowa. Ya bar cokalin sa takalmi, wanda ba a san inda zai kwana ba yanzu, da tabarmar ƙofa, abokiyar zamansa, wadda ita ma ba lafiya ce ta ishe ta ba. Ya bar silifas ɗin alwala da yawa, yawancinsu gwauraye. Duk sun koma tsibi guda kamar da. Ya kuma bar maraya ɗaya mai ruwan ƙasa, lamba arba'in da huɗu, yana sheƙi, yana ɗakin Iliya a kan kujera.

An riga an naɗa magaji. Safara'u ta yi odar wani farin kabad na takalma, irin wanda ke zuwa a kwance cikin kwali, a haɗa shi da ɗan ƙaramin ƙarfe. Yana falo ba a buɗe ba. Iliya ya duba hoton jikin kwalin. Ba a zama a kansa. Ƙofofinsa huɗu.

"Huɗu?" ya ce mata.

"Mu nawa ne a gidan?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Ƙirga kawuna ta yi kamar yadda kowa zai yi. Umma na tsaye, ta ji, ta shige kicin ta buɗe famfo.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi wanka ba, Umma ta yi masa wanda ya ishe shi. Ba za a yi salla ba, katako ne. Ranar Asabar mai zuwa Kawu Nyam, maƙwabcin gidan mutumin Jos, zai kawo van ɗinsa a kai marigayin tip ɗin council, wato jujin hukuma, sashen katako. Da farko an sa bayan Azahar. Kawu Nyam ya zo ganin gawa, ya ƙwanƙwasa saman da ɗan yatsa, ya ce, "Kai, yaro, wannan bai gama mutuwa ba fa. Ƙafa ce kawai. In da mai hannu, zai tashi." Iliya ya roƙe shi a ɗaga zuwa bayan La'asar. Ya ce ko Magariba ce zai jira, ba inda za shi.

An tambayi Abba ko yana da ta cewa. Ya ce a yi yadda aka ga dama. Ya kai bakin ƙofar falo ya juyo ya ce, "Wace rana kuka ce?" Aka ce Asabar. Ya ce shi Asabar ba ya zuwa ko'ina.

Za a karɓi gaisuwa a soro, a tsaye, don babu wurin zama. Umma ta ce za ta yi dambun shinkafa, abin da ta daina yi shekarun nan, ba ta kuma faɗi dalili ba. Masu zuwa daga nesa, misali Manchester, jirgin ƙasa na sauke mutum a New Street, daga nan bas ɗaya ce. Lambar gidan ba ta canza ba, makullin ma haka. Wanda ke da guntun katako mai kyau, tsawon ƙwaurin dattijo, ba laifi ya taho da shi.

Abu ɗaya ne ya rage ba a yanke ba. Jiya ana cin abinci Iliya ya kawo maganar, ya kuma kama sunan, karo na farko da aka ji shi a gaban Abba tun ranar baƙar leda. Cokalin Safara'u ya tsaya a hanya. Umma ta sunkuyar da kai. Abba ya ci gaba da tauna lomar da ta daɗe da narkewa. Don haka ake maimaita tambayar a nan, ko cikin masu karatu akwai mai amsa.

Idan motar Kawu Nyam ta tashi da Dogo, aka haɗa mai ƙofa huɗu, takalman Yaya Nuruddeen a ina za su kwana?